Alƙalami da Na'ura: Wa Zai Riƙe Mabuɗin Rumbu?

A hutun daminar da ta gabata wata tsohuwar ɗalibata ta zo gaishe ni a nan Gure. Ni na koya mata Faransanci da Hausa tun tana ajin farko na kolej, yau ga shi ta kammala lisansi a fannin tarihi. Bayan mun gaisa na tambayi mutanen gida, sai ta miƙo mini wayarta, ta nuna mini sanarwar wani karatun digiri na biyu, wato mastar, a wata jami'ar ƙetare. Sunan karatun da Faransanci humanités numériques. Ta ce: "Mushe, shawara na zo nema. Wannan karatu ne na gaske, ko kuwa aikin buga takardu a kwamfuta ne aka sa wa babbar riga? Baba ya ce in ba shi da amfani gara in nemi koyarwa in zauna gida." Na ce mata: "Ƴata, ba ni kwana biyu in yi tunani."

Kwana biyun nan sun zama watanni. Wannan sharhi shi ne amsar da na kasa ba ta a ranar. Na ga ya dace in kawo ta gaban ƴan'uwana malamai da shugabannin ƙungiyoyin al'adu, domin tambayar yarinyar nan za ta iso ƙofar kowanenmu, in ba yau ba gobe.

Asalin abin

A wannan rubutu zan kira fannin "karatun alƙalami da na'ura". Alƙalami yana wakiltar tarihi da adabi da harshe da nazarin zamantakewa, na'ura kuwa ita ce kwamfuta da intanet da duk abin da ya rataya da su. Manufar karatun ita ce a samar da mutum ɗaya mai riƙe da su duka biyu.

Masana sukan mayar da tushen fannin ga wani limamin Kirista ɗan Italiya mai suna Roberto Busa. A 1949 ya je wurin kamfanin IBM na Amurka da wata buƙata: yana so a jera kowace kalma da ke cikin rubuce-rubucen malamin addininsu Toma Akwinas, kalmomi kimanin miliyan 11 cikin harshen Latin, a nuna inda kowace ta fito da kalmomin da ke maƙwabtaka da ita. Aikin ya ci shekara talatin, aka gama buga shi a 1980 cikin mujalladi 56. Abin lura a labarin nan shi ne, Busa ya riga ya ƙoshi da Latin kafin ya nufi na'ura, kuma tambayar da yake son amsawa ta riga na'urar zuwa.

A watan Mayu na 2010 wasu masu bincike suka taru a birnin Faris na Faransa, suka fitar da sanarwar da ta yaɗa fannin a ƙasashen da ke amfani da Faransanci. Kafin nan, a 2006, makarantar École des chartes, wadda aka kafa tun 1821 don horar da masu kula da taskokin tarihi, ta buɗe mastar ta amfani da na'ura a aikin tarihi. Tsarinta ya cancanci a dube shi da kyau. A shekarar farko ɗalibi yana koyon karanta tsofaffin rubutun hannu da ƙa'idojin adana takardu, sai a shekara ta biyu yake duƙufa a kan na'ura. Ke nan ko a can ba a ɗora wa jaki kaya kafin a sa masa akumari.

To, mene ne ainihin aikin da ake koya? A taƙaice matakai biyar ne. Ana ɗaukar hoton takarda, ko a juye murya daga kaset zuwa na'ura. Ana rubuta shaidarta: wa ya rubuta ta, yaushe, a ina, da wane harshe, a hannun wa take. Ana kwafe abin da ke cikinta harafi bayan harafi. Ana yi wa kwafin alamomi don na'ura ta gane cewa wannan sunan mutum ne, wancan sunan gari, wancan kuma shekara. Daga nan ne ake yi wa tarin takardun tambayar da mutum ɗaya ba zai iya amsawa ba ko da ya ƙarar da rayuwarsa yana karatu. A ce mun tara wasiƙun fatake ɗari biyar na Damagaram: wane gari ne aka fi ambata, wane kaya ne ya ɓace daga wasiƙun bayan zuwan Turawa, wace kalma ce ta shigo a madadin wata? Cikin matakan nan biyar, na farko kaɗai ne yaro zai ƙware a kansa cikin mako guda. Sauran huɗun duk karatu ne.

Ƙamus ɗin da ya shiga na'ura

Kada mai karatu ya ɗauka labarin Turai kawai nake ba shi. An riga an yi irin wannan aiki da kayanmu, kuma a kan ayyukan da aka yi ɗin ya kamata mu auna karatun.

Tsakanin 2004 da 2008 shirin tallafa wa ilimin firamare da ake kira Soutéba ya fitar da ƙamusoshi huɗu don makarantun Nijar: na Kanuri, na Zabarmanci, na Tamajak da na Hausa, kowanne haɗe da Faransanci. Na Hausa ya ƙunshi kalmomi sama da dubu bakwai. A farkon shekarun 2010 wani aiki mai suna DiLAF, wanda Chantal Enguehard da Mathieu Mangeot na Faransa suka gudanar tare da masana harshe na Nijar da Mali da Burkina Faso, ya ɗauki waɗannan ƙamusoshi, haɗe da na Bambara, ya sake musu tsari yadda na'ura za ta iya bincika su, ya sa su a intanet.

Yabon farko na ƙamus ɗin ne shi kansa. Yana bayyana ma'anar kalmar Hausa da Hausa, ya nuna karin sautinta, ya kawo misali a jimla, sannan ya ba da takwararta ta Faransanci. Wanda ya saba da ƙamus ɗin Bargery na 1934, ko wanda Landeroin da Tilho suka tattara a zamanin shata iyakar Nijar da Najeriya, ya san waɗancan an yi su ne don baƙo ya fahimce mu. Wannan an yi shi don ɗanmu ya fahimci harshensa.

Yabo na biyu na masu aikin na'ura ne, kuma a nan darasin yake. Babbar wahalar da suka sha ta haruffanmu masu ƙugiya ce. Duk malamin Hausa da ya taɓa buga jarrabawa a kwamfuta a shekarun baya ya san ciwon nan: ana amfani da wasu haruffan dabara, ka danna wata alama ƙ ta fito, amma da zarar ka kai takardar wata na'ura sai ƙ ɗin ta rikiɗe ta zama alamar da ba ta da ma'ana. Sai da aka bi waɗannan haruffa aka mayar da su kan ma'aunin duniya da ake kira Unicode, wanda ya ba kowane harafi lambarsa ta dindindin. Injiniyan da bai ji Hausa ba ba zai ga kuskuren ba, domin a idonsa baki da baƙi abu ɗaya ne, kafa da ƙafa ba su da bambanci. Malamin Hausan da bai san na'ura ba yana ganin kuskuren, amma ba ya iya gyara shi a kalmomi dubbai. Aikin ya yiwu ne saboda an zaunar da su biyun a tabarma ɗaya. Karatun da ɗalibata take tambaya a kai yana so ne ya haɗa mutanen nan biyu cikin riga ɗaya.

Sai dai akwai abin da ya rage, kuma mu ne ya rage wa. Ƙamus rayayyen abu ne, kullum yana buƙatar ƙari da gyara. Kalmomin masu haƙar kanwa, da na manoman dabino, da na matan da ke saƙar kaba a ƙasar Muniyo, wa zai shigar da su? Wa zai nuna cewa abin da Bakano yake faɗa da wata kalma, Badamagare yana faɗarsa da wata? Baƙo ya taya mu kafa rumfa ya tafi, yayyafin da zai biyo baya mai ɗaki ne zai san inda yake masa yoyo. In ba mu horar da masu ci gaba da aikin ba, ƙamus ɗin na'ura zai tsufa kamar yadda na takarda yake tsufa.

Inda na'ura ke tuntuɓe

Idan boko ya ba na'ura wahala haka, ina ga ajami? Rubutun tsangayunmu yana bin salon Magrib da ruwayar Warsh. Muna ɗiga wa fa a ƙasa, mu ba ƙaf ɗigo ɗaya a sama, saɓanin yadda ake yi a Masar da Makka. Sai a 2016 Unicode ya karɓi waɗannan siffofi na fa da ƙaf da nun, a 2020 kuma aka ƙara wasu haruffan da ajamin Hausa ke amfani da su. Ƙungiyar SIL ta fitar da wani zubin haruffa mai suna Alkalami wanda ya kwaikwayi hannun Kano. Wannan ci gaba ne babba, amma buga ajami daban, karanta tsohon ajami daban. Kowane malami da hannunsa, kowane yanki da yadda yake rubuta tsa da ca da ƴa. Ko a boko ma, da yake ba ma nuna karin sauti da tsawon wasali, mahallin magana ne kawai yake raba garin da ake zaune a ciki da garin da ake tuƙa tuwo da shi, ya raba farin kaya da farin da ke kashe shuka.

Aikin da ya fi burge ni a wannan fage shi ne na Jami'ar Boston ta Amurka, ƙarƙashin jagorancin Farfesa Fallou Ngom, ɗan Senegal. Sun tara hotunan dubban shafukan ajami na harsunan Afirka, ciki har da na Hausa, waɗanda Mustapha Hashim Kurfi na Jami'ar Bayero ta Kano ya yi ɗawainiyar tattarawa. A wani sashe na aikin ba su tsaya ga hoto ba: sun juya rubutun zuwa boko, sun fassara shi zuwa Faransanci da Ingilishi, sun kuma ɗauki muryar masu rera shi. Wannan mataki na ƙarshe ya nuna sun fahimci abin da suke riƙe da shi, domin waƙar ajami ba don ido kaɗai aka rubuta ta ba, kuma waƙa a bakin mai ita ta fi daɗi. Amma a lura da wanda ya warware rubutun kafin a fassara shi: wanda ya yi zaman allo ne.

Mu mutanen ƙasar Manga muna da misalin da ya fi kusa da mu. A ƙarshen shekarun 1950 wani Bature, A. D. H. Bivar, ya ɗauki hotunan wasu tsofaffin Alƙur'anai na Barno, ɗaya daga cikinsu yana ɗauke da shekarar da ta yi daidai da 1669. Tsakanin layukansu akwai fassara da ƙananan haruffa cikin tsohon harshen Kanembu. Dmitry Bondarev, wanda ya yi aiki a Landan sannan a Hamburg ta Jamus, ya shafe shekaru yana nazarinsu, kuma abin da ya taimaka masa ƙwarai shi ne zama da malaman Barno masu tafsiri da Tarjumo, harshen karatu da suka gada baki da baki. Hoton ya yi shekaru da dama a ajiye, bai yi magana ba sai da aka kai shi gaban masu gadonsa.

Hukuncina na farko ke nan. Abin da ya yi ƙaranci a wannan fanni shi ne mai karatu, domin na'urar ɗaukar hoto kuɗi ke sayen ta. Mastar da za ta yaye ɗalibin da ya iya sarrafa kwamfuta amma bai iya karanta wasiƙar kakansa ba, ɗan dako ta yaye, wanda zai riƙa ɗaukar hotuna yana aika wa waɗanda za su karanta su a wata ƙasa, su rubuta littafin, sunansu ya hau bango.

Rumbu da mabuɗinsa

A watan Disamba na 1852 matafiyin nan ɗan Jamus, Heinrich Barth, ya sauka a Gure, ya gana da Muniyoma Koso, sannan ya wuce Damagaram. Abin da ya rubuta game da garinmu yana cikin littafin tafiyarsa, kuma yau duk mai wayar hannu zai iya samunsa kyauta a intanet. Ɗalibina zai iya karanta yadda baƙon da ya yi ƴan kwanaki ya ga Gure, amma abin da malaman Gure na wancan zamani suka rubuta da hannunsu yana cikin gafaka, a ɗakin da gara ke kewayawa. Wanda aka sa a na'ura shi ake ji, wanda aka bari a gafaka kamar bai taɓa magana ba. Wannan kaɗai ya isa hujja a kan masu cewa fannin nan shagalin masu ƙoshi ne.

Amma sa abu a na'ura bai wadatar ba, sai an tambayi inda na'urar take. Na san wani dattijon alaramma a wani ƙauye da ke arewa da mu, Allah ya jiƙansa. Wata shekara wasu masu bincike suka zo masa da takardar izini da kalamai masu daɗi, suka kwana biyu suna ɗaukar hotunan takardun da ya gada, suka yi alkawarin aiko masa da kwafi. Har ya koma ga Mahaliccinsa bai ga komai ba. Bayan rasuwarsa ruwan sama ya rushe ɗakin, abin da ruwa ya bari gara ta ƙarasa. Yau magadansa ba su da takarda, ba su da hoto, ba su ma san ƙofar da za su ƙwanƙwasa ba. Tun daga lokacin, duk wanda ya doshi ƙauyen da na'urar ɗaukar hoto sai a ce masa babu komai. Cin amanar mutum ɗaya ya rufe gafaka ɗari.

Adalci ya sa in kawo ɗaya gefen. A watan Janairu na 2013 masu ɗauke da makamai sun ƙona ko sun kwashe rubuce-rubuce sama da dubu huɗu a Cibiyar Ahmad Baba ta Tumbutu. Mafi yawan taskar garin ta tsira ne saboda Abdel Kader Haidara da iyalan da ke riƙe da littattafan sun fitar da su a ɓoye zuwa Bamako, inda daga baya aka ɗauki hotunansu da taimakon cibiyoyin ƙetare. Gani ga wane ya ishi wane tsoron Allah. Kwafin da ke nesa yana iya zama shi ne ya rage ranar da gobara ta tashi, don haka ban ce a hana baƙo ɗauka ba. Na ce a sa sharaɗi: asali ya zauna wurin mai shi, kwafi na farko nasa ne, na biyu na taskar ƙasa, sannan na uku ya ƙetare. Kuma mai takarda yana da ikon cewa wannan shafi sirrin gida ne, kada a baza shi.

Taskar ƙasa kuwa muna da ita. A Yamai, cibiyar binciken kimiyyar ɗan Adam ta IRSH tana da sashen rubuce-rubucen Larabci da ajami, wanda ya samo tushe daga tarin da marigayi Boubou Hama ya yi, yana ɗauke da rubuce-rubuce kimanin dubu huɗu, kuma gidauniyar Al-Furqan ta Landan ta buga jerin sunayensu. Ga kuma cibiyar CELHTO, wadda aka kafa a 1968 don tattara tarihin baka, da faya-fayanta na muryoyin dattawan da suka riga mu gidan gaskiya. Kaset ba ya jiran kowa, zafi da ƙura suna cin sa ko an saurare shi ko ba a saurare shi ba. Hatsi yana nan cikin rumbu, masu sussuka da shiƙa ake nema.

Abin da tauraro ba ya gani

Fannin bai tsaya ga tsofaffin takardu ba, ya shafi nazarin zaman jama'a na yau. A nan ma ƙasarmu ta Gure tana da abin faɗa. Masu bincike na Jami'ar Abdou Moumouni ta Yamai da takwarorinsu na Beljiyam sun yi amfani da hotunan tauraron ɗan Adam wajen bin yadda tuddan rairayi ke matsowa kan kwaruruwanmu, inda ake noman rani, ake samun dabino da goriba da kanwa. Aiki ne mai amfani, domin hoton shekaru daban-daban yana nuna abin da idon mazauni ba ya lura da shi, tun da kullum yana tare da abin.

Sai dai tauraro ba ya jin Manganci. Bai san sunan kwarin ba, balle ma'anar sunan. Bai san wane gida ne ke da haƙƙin kanwar wannan gefe ba, ko wace yarjejeniya ce ke tsakanin manomi da makiyayi a kan rijiya, ko dalilin da ya sa aka daina shuka a wani wuri tun kafin rairayi ya iso. Waɗannan sai an zauna a gindin bishiya an sha hura da mutane. Cibiyar LASDEL ta Yamai, wadda aka kafa a 2001, ta yi suna a kan irin wannan bincike na zama da jama'a da sauraron su. Ɗalibin da nake fata shi ne wanda zai ɗora abin da dattijo ya faɗa a kan abin da tauraro ya gani, taswira ɗaya ta ɗauki duka biyun, kuma ya koma ƙauyen ya nuna musu ita da harshensu kafin ya kai ta gaban malaman jami'a.

Ma'aunin da nake ba da shawara

A watan Maris na 2025 kundin sake gina ƙasa ya ayyana Hausa a matsayin harshen ƙasar Nijar, Faransanci da Ingilishi kuma harsunan aiki. Mu da muka san cewa tun 1973 aka buɗe makarantar gwaji ta farko mai koyarwa da Hausa a Damagaram, mun san doka ba ta rubuta littafi, ba ta kuma horar da malami. Harshen ƙasa a wannan zamani yana buƙatar ƙamus mai girma kullum, da tarin rubuce-rubuce masu tsabta, da mai gyara kuskuren rubutu a waya. Google ya sa Hausa cikin na'urarsa ta fassara a 2013, ya ƙara Kanuri a 2024, amma irin waɗannan na'urori daga abin da aka zuba musu suke koyo. In ba a zuba musu Hausar Damagaram da ta Gobir da ta Adar ba, jikokinmu za su riƙa jin na'ura tana gyara musu harshen iyayensu. Ni kuma da nake koyarwa a garin da Manga da Bahaushe da Bafillace da Tubu suke cin kasuwa ɗaya, ina jan kunne kada Hausa ta yi wa Kanuri abin da muka daɗe muna kukan Faransanci ya yi wa Hausa.

Saboda haka, duk mastar alƙalami da na'ura da za a kawo mana, a Yamai ne ko a Jami'ar André Salifou ta Damagaram, ko wadda ƴaƴanmu za su je nema a waje, ga tambayoyi huɗu da zan auna ta da su.

Ta farko, wa take ɗauka? In sharaɗin shiga ya tsaya ga Faransanci da lissafi, an rufe ƙofa ga wanda ya fi kowa dacewa, wato yaron da ya yi allo da safe ya yi lakkwal da rana. Iya karanta ajami da jin harsunan ƙasa biyu ya kamata a lissafa su cikin makin shiga.

Ta biyu, wa yake koyarwa? Kusa da malamin kwamfuta da malamin tarihi, a ajiye kujera ga alaramma da maroƙin fada da tsohuwar da ta san tatsuniya, a biya su kamar yadda ake biyan kowane malamin da aka gayyato, a rubuta sunansu a kan aikin. Wanda zai yi nazarin waƙoƙin Ma'azu Ɗan Alalo yana buƙatar mutumin fadar Damagaram da zai warware masa habaici da zambo, abin da babu na'urar da za ta yi.

Ta uku, da wane kaya ake koyo? Ɗalibin da ya yi shekara biyu yana gwaji da takardun wata nahiya zai dawo da zanen aro, wanda ba ya rufe katara. A ba shi kaset na CELHTO, ko rajistar wata tsohuwar makaranta, ko gafakar wani gida da ya yarda. A kuma koya masa aikin da zai jure halinmu: abin da zai buɗu a ƙaramar waya, wanda ba zai mutu ba don wuta ta ɗauke ko intanet ya yanke.

Ta huɗu, me ɗalibi yake bari a baya? Kundin da za a jinginar a kabad bai isa ba. A wajabta masa barin tarin da ya tsara a taskar ƙasa, da taƙaitaccen bayani cikin harshen mutanen da ya yi aiki da su, da shaidar cewa ya mayar musu da kwafinsu.

Namu rabon

Ba a fafe gora ranar tafiya. Kafin jami'a ta yi nata, mu malaman sakandare da ƙungiyoyin al'adu muna da abin yi wanda ba ya cin kuɗi. Mu koya wa ɗalibai rubuta ɓ da ɗ da ƙ da ƴ a wayoyinsu, mu daina karɓar rubutun da ya zubar da ƙugiya. Mu aike su wurin kakanninsu su ɗauko tatsuniya ko tarihin unguwa, da izinin mai magana, su rubuta sunan wuri da rana da harshe. Kowace ƙungiya ta buɗe rajistar gidajen da ke da tsofaffin takardu a yankinta, ko da ba a taɓa takardun ba, domin sanin inda abu yake shi ne farkon tsaronsa.

Ɗalibata kuwa, ga abin da na aika mata. Na ce karatun na gaske ne, ta tafi in hali ya samu, ta kuma gaya wa Baba cewa ni na tsaya mata. Amma kafin ta tafi ta koma wurin malamin allon da ta bari tana ƴar shekara goma sha biyu, ta yi wata uku tana karanta ajami a gabansa har hannun tsofaffi ya daina yi mata duhu. Ta tafi da tambayarta a hannu, kada ta jira a ba ta wata a can. Ta amsa mini da cewa ta riga ta fara, kuma malamin ya ciro mata wata wasiƙa da kakansa ya rubuta wa wani bafatake a Kukawa, sun yi kwana huɗu a kan layi bakwai.

Allah ya sa mu ga dawowarta, ya kuma sa ta tarar da gafakar nan lafiya.